Narka dalma: kurakuran da aka fi yi da yadda za a gyara su

A Amurka akwai masu wasan harbin alama da ƙaramar bindiga, waɗanda kan narka dalma su zuba wa kansu kan harsashi don ya zo musu da araha. Wannan ba tamu ba ce. A nan Nijar riƙe bindiga ba da izinin hukuma ba laifi ne, balle haɗa harsashi, kuma wanda ya san halin da kudancin jiharmu ta Maraɗi ke ciki ba sai an yi masa bayani ba. Amma narka dalmar kanta ana yin ta a Maraɗi da kewaye: masunta na tabkin Madarunfa suna zuba dalmar birgi da ta ƙugiya, masu gyaran batir suna zuba sabon kai idan tsohon ya cinye. Dalmar ɗaya ce, kurakuran ma kusan ɗaya.

Wanda ya fi saurin kai mutum asibiti shi ne ruwa. Dalma tana narkewa a maki 327 na zafi a ma'aunin Celsius. Ɗigon ruwa idan ya nutse cikinta nan take yake zama tururi, ya kumbura ninki kusan 1,700, sai tukunya ta yi aman wuta. Na taɓa ganin haka da damina. Wani maƙwabcinmu ya tsinto guntun bututun dalma, ya goge shi da riga, ya jefa cikin narkakkiya. Bayan bututun a bushe yake, cikinsa ne ke da laima. Har yau tabon na nan a wuyansa. Gyaran ba wuya: duk dalmar da za a narka a zuba ta tun tukunya tana sanyi, su yi zafi tare. Ludayi da mazubi a gasa su a gefen wuta kafin su taɓa narkakkiya. Butar alwala da kofin shayi su yi nisa. Silifa da rigar leda kuwa ba kayan wannan aiki ba ne. A sa takalmi rufaffe, rigar auduga mai dogon hannu, da tabarau.

Sai inda ake samo dalmar. Mutane na son fasa tsohon batir don yana da nauyi, ga arha. Abin da ke cikinsa ba dalma zalla ba ce: akwai ruwan batir mai cin fata, akwai garin dalma da ke tashi kamar ƙura idan ya bushe, kuma kashi, wato dattin da ke tasowa sama in an narka farantansa, yana iya fitar da iska mai guba idan ya jiƙe. A ganina ribar ba ta kai wahalar ba. Ƴan dalmomin da ake maƙalawa a bakin ƙafar mota don daidaita taya sun fi, amma su ma sai an tantance, don yanzu da yawansu tutiya ne ko ƙarfe. A danna da awartaki: dalma tana lotsawa, tutiya ba ta yi. A yar a kan siminti: dalma ba ta yin ƙara, sauran suna yi. Tutiya sai a maki 420 take narkewa, saboda haka idan wuta ba ta yi yawa ba za ka gan ta tana yawo a sama, ka kwashe. In ka bari ta narke ciki, dalmar ta zama kamar kunu mai gudaji, ba ta cika mazubi.

Nan ne zancen wuta ya shigo. Wasu sai su yi ta zuga gawayi har tukunya ta yi ja, wai don aiki ya yi sauri. Ja alama ce ta an wuce gona da iri: kashi ya ƙaru, dalma ta ragu, hayaƙinta ya shiga ƙirji. Da ta narke tana gudu kamar ruwa, ya isa. Idan zubi ya fito da tamoji, yawanci mazubin ne ke da sanyi ko maiƙo, ba wutar ce ta gaza ba.

Tukunya ta zama ta baƙin ƙarfe mai kauri. Ta sanholo, wadda wasu ke kira tukunyar dalma, tana yin laushi da zafi, gindinta na iya ɓallewa da nauyin.

Duk waɗannan ana ganinsu da ido. Wanda ya fi damuna shi ne wanda ba a gani, wato kai aikin cikin gida. Mutum ya hura wuta a murhun uwargida, ya ari tsohuwar tukunyarta, ya gama ya kakkaɓe kashin a gindin bango inda yara ke rarrafe. Ba a ji ciwo ba, ba a ga jini ba, sai a ɗauka lafiya lau. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen wannan a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Su ba narkawa suke yi ba, dutsen zinariya mai dalma ake dakawa a tsakar gida, amma hanyar ɗaya ce: ƙura, hannu, baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da za a kira marar illa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki 4 zuwa 5 fiye da na babba. Tana taɓa ƙwaƙwalwa, tana kuma ratsawa daga mai ciki zuwa ɗan tayi.

Don haka wurin aiki ya zama a fili, nesa da madafa da rijiya, kana tsaye iska na kaɗa hayaƙin gaba. Tukunyar da ta taɓa dalma ta bar abinci har abada; a huda mata kunne ko a shafa mata fenti don kada a manta. Kashin a tara shi cikin gwangwani mai murfi, a bushe. Kada a share wurin da tsintsiya a busasshe, musamman da hunturu; bayan wuta ta mutu komai ya huce, a yayyafa ruwa a kwashe. Goro, taba da shayi su jira sai an wanke hannu da sabulu har ƙarƙashin farce. Kayan aiki a tuɓe su a can, kada a haɗa wankinsu da na yara. Almajirin da ake sa wa riƙon mazubi shi ma yaro ne.

Akwai masu cewa, "Ai ina shan madara bayan aiki." Madara abinci ce mai kyau, amma ba ta wanke dalma daga jini. Wanda ya daɗe a sana'ar yana fama da murɗar ciki, taurin bayan gida, ciwon kai ko sanyin wuyan hannu, ya je asibiti, kuma ya faɗa wa likita da bakinsa cewa dalma yake narkawa, don alamomin suna kama da na cututtuka da dama, gwajin jini ne ke rarrabewa. Idan a tsakar gida aka saba yin aikin, a tafi da yaran ma a duba su.