Masu DJ, ku gyara filashi kafin ranar biki

'Yan uwa, don Allah kada ku kwashi waƙoƙi daga waya ku zuba a filashi ku nufi wurin biki haka nan. In CDJ na Pioneer za ku taɓa, wato injin da masu DJ ke kunna waƙa da shi, ku fara loda waƙoƙin a manhajar rekordbox a kwamfuta, ta auna saurin kiɗan kowacce, ku sa alamar inda za ku shiga, sannan ku tura su filashi. Filashin ya kasance an yi masa fomatin da tsarin FAT32, don yawancin injinan nan ba sa karanta tsarin NTFS. Ku nemi MP3 mai ingancin sauti na 320kbps, waƙa mara inganci manyan sifiku ke tona mata asiri. Ku riƙe filashi biyu. Kafin cire filashi, ku danne maɓallin USB STOP na jikin injin har fitilar ta daina ƙiftawa.