Makon farko na malamin sa-kai a baƙon gari

1. Da saukarka, ka sayi layin waya na ƙasar. Ka rubuta adireshin masaukinka a takarda ka sa a aljihu, domin caji kan ƙare.

2. Kafin ranar fara aiki, ka bi hanyar makarantar a daidai lokacin da za ka riƙa fita, ka ga yadda cunkoso yake.

3. Ka roƙi malamin da ya daɗe a wurin ya bar ka ka zauna a bayan ajinsa. A ganina wannan ya fi komai amfani: za ka ga yadda yara ke neman izinin magana, yadda ake tsawatar musu, da abin da ke sa su natsu.

4. Ka koyi gaisuwa da harshensu, sannan sunayen ɗalibanka, biyar-biyar kullum, kana tambayar kowa yadda ake furta nasa.