Yadda Ake Zaɓar Manhajar Gudanar da Maɗaba'a da Ɗora Ta Kan Aiki

Duk wanda ya taɓa zama a maɗaba'a ya san tambayar nan: "Ina aikin Alhaji?" Alhaji ya aiko yaro karɓar katin ɗaurin aure, akawu ya ce aikin yana wajen mai zane, mai zane ya ce tun jiya ya tura a yi filet (farantin ƙarfe mai ɗauke da zanen, wanda ake ɗaura wa inji a yi bugu da shi), afareta kuma ya rantse bai ga komai ba. Da aka bincika sai ga filet a jingine bayan injin yanka, katin da aka sayo don aikin kuma an riga an buga wa wani da shi. Irin wannan, da kuma zuwan ƙarshen wata injin bai huta ba amma aljihu wayam, su ke sa mai maɗaba'a ya fara tambayar wace manhaja zai saya. Ga yadda nake ganin ya kamata a bi abin.

Mataki na farko: bi aiki ɗaya da ƙafarka

Kada ka kira mai sayar da manhaja tukuna. Ɗauki biro da takarda ka bi aiki guda tun daga lokacin da mai shi ya yi sallama har ya tafi da kayansa. Wa ya yanke farashi? A ina aka rubuta kafin alƙalami? Wa ya tabbatar mai aiki ya duba zane ya amince? Wa ya fito da takarda daga sito, kuma rim nawa? Me aka kai waje, filet ne ko lamineshin ko ɗinki? Duk inda ka ga amsar ita ce "ai wane ya sani a kansa", ja layi a wurin. Waɗannan wuraren su ne abin da kake so manhaja ta riƙe maka. Yawancin lokaci ba sa wuce biyar ko shida.

Mataki na biyu: gyara lissafin jinga kafin komai

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan aka fi tsallakewa. Manhaja ba ta san kuɗin aikinka ba, kai za ka gaya mata. Idan ka ba ta lissafin ka-cici-ka-cici, za ta mayar maka da shi cikin sauri a kan takarda mai kyau, shi ke nan.

Bari mu ɗauki misali. An kawo maka takardar talla guda 5,000, girman A5, kala huɗu, fuska ɗaya. A5 huɗu ke fita a A3 ɗaya, ke nan kana buƙatar takarda 1,250, wato rim biyu da rabi tunda rim 500 ne. Mai gaggawa a nan yake tsayawa. Amma idan injin bugunka mai kala ɗaya ne, irin GTO ko Kord, sau huɗu takardar nan za ta bi ta ciki. Kowane zagaye sai an wanke injin, an ɗaura filet, an ɓata takardu kafin kala ta zauna daidai a kan 'yar'uwarta. In afaretanka yana ɓata talatin a kowane zagaye, ka riga ka rasa 120 kafin a zo yanka. Rim na uku ya kusa tafiya. Ga filet huɗu, ga tawada, ga lokacin wanki tsakanin kala da kala wanda injin yana tsaye amma janareta na shan dizal.

Saboda haka ka fitar da kuɗin awa ɗaya na kowane inji. Haɗa albashin afareta da yaronsa, rabon hayar shago, wuta da mai, gyara da kayan gyara, da abin da kake warewa don ranar da injin zai tsufa. Raba wannan da awannin da injin yake bugu da gaske a wata, ba awannin da shago yake buɗe ba. Masu maɗaba'a da yawa ranar da suka yi wannan lissafi suke gane cewa kuɗin bugu da suke karɓa kan kowane dubu na maƙwabci ne suka kwaikwaya, shi ma maƙwabcin daga wani ya ji.

Ni kaina na taɓa karɓar jingar kalanda a ƙarshen shekara ina murna, na manta ban sa kuɗin ƙarfen da ake maƙala wa a sama da ƙasa ba, ban kuma sa ɓarnar takarda ba. Sati biyu muna kwana a shago, da aka gama sai na ga kusan sadaka na yi.

Mataki na uku: san irin manhajojin da ke akwai

Kashi uku ne. Akwai waɗanda aka gina musamman don maɗaba'a, irin su PrintVis ta ƙasar Denmak wadda ke zaune a kan manhajar kasuwanci ta Microsoft mai suna Business Central, da Tharstern ta Ingila, da PrintSmith Vision, da Prinect na kamfanin Heidelberg na Jamus. Waɗannan sun san yadda ake jera shafuka a kan babbar takarda, sun san ɓarna, wasu ma suna magana kai tsaye da injunan zamani ta hanyar tsarin da ake kira JDF. Amma suna da tsada, kuma in injinka tsohon Kord ne, wannan magana da inji ba ta shafe ka ba, kada ka biya kuɗinta.

Kashi na biyu manhajojin kasuwanci ne na gama-gari da ake lanƙwasawa, kamar Odoo ta Beljiyam da ERPNext ta kamfanin Frappe na Indiya. ERPNext buɗaɗɗiya ce, babu kuɗin lasisi, Odoo ma tana da sigar kyauta. Kyauta a nan tana nufin lasisi kawai. Wanda zai saita maka ita, ya gina maka lissafin jinga a ciki, sai ka biya shi, kuma ingancin abin ya dogara da shi.

Na uku su ne na lissafin kuɗi zalla, irin su QuickBooks, Sage 50 da Zoho Books. Suna fitar da takardar biya, suna bin bashi, amma ba su san filet ba. Ƙaramin shago mai injin dijital ɗaya da injin buga bana (babban kyallen talla) zai iya haɗa ɗaya daga cikinsu da teburin Excel mai kyau ya zauna lafiya shekaru. A ganina maɗaba'a mai ma'aikata goma zuwa talatin ta fi dacewa da kashi na biyu, in har ta samu mai saiti da ya taɓa shaƙar warin tawada.

Mataki na huɗu: yi tambayoyin da suka shafi inda kake

Da wane kuɗi ake biya? A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemo wa kanta daraja, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda yake biyan manhaja da dala duk wata ya ga kuɗinta ya ninka sau uku ba tare da an ƙara masa komai ba. Tambayi ko ana biya ne kan kowane mai amfani, don idan haka ne, sa afareta biyar a ciki wani kuɗi ne.

In intanet ta yanke fa? Wadda ke kan intanet ba ta damu da kwamfutarka ta ƙone ba, amma ranar da sabis ya ɗauke ta tsaya. Wadda ke cikin kwamfutar shago ba ruwanta da sabis, amma tana son batir ko sola da kuma mai kwafe bayanai kullum. Zaɓi matsalar da ka fi iya ɗauka.

Sai harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari a Najeriya tun Fabrairun 2020. Manhajar ta iya ɗora shi a wani aiki ta cire a wani, akantanka zai gaya maka wanne ne wanne. Ta kuma iya karɓar biya kashi-kashi: rabi tiransifa, wani abu ta POS, saura "in an kawo kaya". Kuma ka tambaya a rubuce: in na bar ku, zan iya fita da bayanaina duka? Wanda ya fara kame-kame a wannan tambaya, ka gode masa ka tashi.

Mataki na biyar: gwada da aikinka, ba da nasu ba

Masu talla suna zuwa da misalin da suka haddace, komai na tafiya sumul. Ka ce musu a'a. Fito da ayyuka uku da ka riga ka gama, waɗanda ka san ainihin abin da suka ci: littafin rasit mai kwafi uku da lamba, littafin makaranta mai bango daban da ciki, da bana da ake lissafa kuɗinta da awon ƙafa. A shigar da su a gabanka, da hannun akawunka ba da hannun mai talla ba. Sannan ka canza adadi daga 1,000 zuwa 3,000 ka ga ko farashi zai gyaru da kansa. In fitar da farashi ɗaya yana cin minti ashirin, akawu zai koma kalkuleta da zarar ka juya baya.

Nemi kuma a haɗa ka da wata maɗaba'a da ke amfani da ita, ko da a Shomolu ta Legas take. Ka yi magana da akawunsu, ba maigidan ba.

Mataki na shida: shigar da bayanai

Kada ka kwashi tarihin shekara goma. Sunayen masu aiki na yanzu, bashin da kake bi da wanda ake bin ka, farashin kaya, da ƙidayar sito, sun isa. Ƙidayar a yi ta rana ɗaya da shago a rufe. A daidaita sunan kowace takarda da nauyinta da girmanta, don kada takarda ɗaya ta shiga da suna uku.

Mataki na bakwai: zaɓi lokaci, sannan ka fara da kaɗan

Kada ka soma a Nuwamba ko Disamba ana rububin kalanda, ko gab da komawar makarantu, balle lokacin fostocin siyasa. Nemi watan da kasuwa ta lafa. Fara da abu biyu kawai: fitar da farashi da takardar aiki mai lamba. Dokar ɗaya ce, aikin da ba shi da lamba ba a yi masa filet, ba a fitar masa da takarda. Sito da lissafin kuɗi su biyo baya in wannan ya zauna. Wata guda a riƙe tsohon littafi tare da manhaja ana kwatantawa, bayan nan a sa littafin a durowa a kulle.

Za ka gamu da turjiya, kuma ba duka ce ta rashin iya kwamfuta ba. Inda aka saba ragowar takarda tana zama ta afareta, ko ana ɗan buga aikin gefe da daddare, lambar aiki ba za ta yi farin jini ba. Gara ka zauna da su ka yi maganar a fili, in akwai alawus da za ka ƙara ka ƙara. Tsohon afareta da ya girme ka kuwa, kada ka tilasta masa danne-danne. Buga masa takardar aikin, ya rubuta lokacin farawa da gamawa da takardun da suka ɓaci, yaro ya shigar da yamma.

Wanda ya fi karya dokar dai maigida ne. Aboki ya kira, ka ce "a buga masa kawai, za mu rubuta daga baya." Ranar da yara suka ga haka sau biyu, manhajar ta zama ado.

Mataki na takwas: kwatanta abin da ka ƙiyasta da abin da ya faru

Bayan wata uku, fitar da ayyuka ashirin da aka gama, ka jera farashin da aka yanke kusa da abin da kowanne ya ci. Za ka ga wani nau'in aiki kullum yana cin takarda fiye da yadda ka sa, ko wani babban mai kawo aiki da kake tarairaya ashe gyare-gyaren zanensa na cinye ribar. Gyara alƙaluman ɓarna da na awa a cikin manhajar bisa abin da ka gani, ka sake dubawa duk lokacin da kuɗin takarda ko dizal ya motsa. Idan kuma a kwamfutar shago bayanan suke, ɗora wa mutum ɗaya, da sunansa, alhakin kwafe su duk yamma, kwafin kuma ya kwana a wani gida daban ba cikin shagon ba.