Kafin Ka Sayi Injin Farko Na Sassaƙa Ƙafafun Tebur Da Kujera

Ga duk mai shirin sayen injin da ke juya katako ana sassaƙa shi, abin da ya kamata ya fara aunawa shi ne tazarar da ke tsakanin tsinayen nan biyu masu riƙe katakon. Ƙafar teburin cin abinci takan kai kimanin santimita 72, kuma dole a bar rarar da za a yanke a kowane gefe, saboda haka a nemi injin da tazararsa ta kai santimita 90. Ƙananan injuna masu santimita 40 zuwa 45 suna da araha, amma ko ƙafar kujera da ƙyar suke ɗauka, sai dai idan ana iya ƙara musu tsawon gado, wato dogon ƙarfen da tsinayen ke zaune a kansa.

Nauyi ma yana da muhimmanci. Gadon da aka yi da ƙarfen zubi yana shanye girgiza, alhali mai sauƙin nauyi yakan yi ta rawa idan aka ɗora katako mai kusurwa huɗu, sai kurfi ya riƙa barin tabo a jikin aikin. Mota (na'urar lantarkin da ke juya katakon) mai ƙarfin doki ɗaya ta wadatar, matuƙar ana iya rage gudunta zuwa juyi 500 ko 800 a minti yayin fara rage kusurwoyi.

Idan na hannu ne za a saya, a turo tsinin baya har ya kusa taɓa na gaba. In bakunansu ba su haɗu daidai ba, a haƙura da shi, domin gyaran wannan matsalar yana da wuya.