Yadda ake cinikin sabuwar mota a Katsina, daga tayi har zuwa cikin ofis

Kuɗin da mai mota zai faɗa maka kana tsaye kana shafa jikinta ba shi ne kuɗin motar ba. Kuɗinta shi ne duk abin da zai fita daga aljihunka, tun daga ranar tayi har ranar da za ta kwana a ƙofar gidanka da lamba a jikinta da takardunta cif. Na daɗe ina rubuta rasit a wani wurin sayar da motoci a nan Katsina kafin in koma harkar hatsi. Abin da na fi gani shi ne mutum ya yi gumi cikin rana a kan ragin dubu 300, ya samu, sannan a shigar da shi ofis, a kawo mashi ruwan sanyi, ya biya ƙarin miliyan guda bai ce uffan ba. A waje ake ciniki, amma a cikin ofis ake cin riba.

Shi ya sa tambayar farko, tun kafin ka taya, ita ce: "Alhaji, wannan kuɗin har da me da me?" Ka sa ya lissafa maka da bakinsa, kai kuma kana rubutawa a gabansa. Da harajin VAT ko babu? An gama biyan kuɗin fito na kwastan? Kawo ta Katsina a wuyan wa yake? Lamba da inshora fa? Abin da ya faɗa a wannan lokacin, kafin ya san ko da gaske kake, shi ne za ka riƙe shi da shi daga baya.

Amma kafin ma ka fita daga gida akwai aikin waya. Ka tsayar da motar da kake so sosai: ƙirarta, shekararta, girman injinta, giyar hannu ce ko mai canja kanta, fetur take sha ko gas. Hilux kaɗai kala-kala ce, kuma tsakanin ƙaramar daraja da babba akwai miliyoyi, alhali daga nesa duk ɗaya suke. Sai ka kira wurare uku ko huɗu a Kano da Kaduna da Abuja, ka nemi farashin wannan motar takamaimai, su turo maka a rubuce ta WhatsApp. Kano ba ta wuce kilomita 170 da 'yan kai daga nan ba, kuma mai mota a Katsina ya san haka. Idan ya ga ka san hanya, harshensa yakan yi laushi.

Ka duba kuma nawa dala take a ranar. Tun watan Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma tun daga nan "dala ta tashi" ta zama amsar kowace tambaya. Wani lokacin gaskiya ce, domin da dala ake sayo motar, kuma da farashin dala kwastan ke lissafa kuɗin fito. Sai dai motar da ta shigo wata 8 da suka wuce, an biya nata a farashin wancan lokacin. Tambaye shi yaushe ta shigo. Idan ya ce ai sai ya duba kuɗin da zai sayo wata ya mayar a gurbinta, hujja ce mai kyau, ka karɓa, amma ka tuna mashi da ita ranar da dala ta sauko.

Sai maganar sabunta. A bakin mutanenmu, motar da ba a taɓa yi wa lambar Najeriya ba sabuwa ce, ko da ta yi shekara 10 a titunan Amurka. Ni ina magana ne a kan sabuwa dal, kuma ko ita iri uku ce. Akwai ta hannun wakilin kamfani mai garanti, akwai wadda ɗan kasuwa ya sayo daga Dubai da kansa, akwai kuma wadda aka haɗa a nan gida, kamar Peugeot ta Kaduna ko Innoson ta Nnewi. Ta Dubai takan fi sauƙi, amma ba lallai wakilin kamfani a Najeriya ya karɓi garantinta ba, don haka ragin da ka samu kai ne ka sayi haɗarin da shi. Buɗe ƙofar direba, akwai 'yar takarda manne a jikin ƙarfen mai ɗauke da wata da shekarar da aka ƙera ta. Lambar casis harufa da alƙaluma 17 ce, kuma a motocin kasuwar Amurka da wasu da dama na 10 shi ke nuna shekara: P na 2023, R na 2024, S na 2025. Ka durƙusa ka duba tayoyi ma, akwai alƙaluma 4 a gefe, 2 na farko mako, 2 na ƙarshe shekara. Motar da ta shekara 2 tana shan ranar Katsina a fili ba a tuƙa ta ba, sabuwa ce a takarda, amma batir da tayoyi da robobinta sun fara tsufa. Wannan dalilin neman ragi ne, kuma mai ita ya fi ka sanin haka.

Wa za ka tafi da shi? Makaniken da kai ka sani, ba wanda dillali ya kawo ba, kuma ka biya shi ladansa da kanka don kada ya jira daga can. Kada ka tafi da iyali ranar farko. Da zarar yara sun shige baya suna tsalle, uwargida ta ce kalar ta yi mata, cinikin ya ƙare, saura biya.

Dillali kuwa ba abokin gaba ba ne, sana'arsa ce, kuma na kirki yakan cece ka daga motar rikici. Abin da ke cutarwa shi ne jerin gwano. Mai mota ya ce miliyan 38, na farko ya ɗora 1, na biyu ya ɗora rabi, kafin ta iso kunnenka ta zama 39 da rabi, sannan a ƙarshe kowannensu ya miƙo hannu neman la'ada. Ka yanke la'adar dillalinka tun farko, adadi sananne, ba kaso na farashin ba, domin wanda ladansa ke ƙaruwa idan mota ta yi tsada ba zai taya ka neman ragi da zuciya ɗaya ba. Sannan ka ce a haɗa ka da mai motar ido da ido. Idan aka fara cewa ya yi tafiya, wayarsa ba ta shiga, to akwai ɗori.

Wajen tayi, bar shi ya fara faɗin kuɗi. Kai kuma kada ka ji kunyar tayawa ƙasa, rashin tayi akan bar arha, amma ka taya da hujja: ga abin da aka ce mani a Kano, ga shekarar da ke jikin ƙofa. Sabuwar mota ba ta da faɗin ragi irin na ta hannu, saboda haka tayin rabin kuɗi zai nuna ba ka san kasuwa ba ne kawai. Zai ce albarka. Ka yi shiru. Yawancin masu saye a nan suke faɗuwa, shirun ya yi masu nauyi, sai su ƙara da kansu ba a ce su ƙara ba. Ƙa'idata ita ce ba na ƙari sau biyu a jere: na hau taki ɗaya, sai ya sauko taki ɗaya. Idan wani ya ɓullo daga gefe yana cewa shi ma ita ya zo ɗauka, har ya ɗora a kan tayinka, ka yi mashi fatan alheri ka ja baya. Wani lokacin mai saye ne na gaske, wani lokacin ɗan gida ne aka tsayar don ya zuga ka, abin da malamai ke kira najashi, kuma shari'a ta hana. Ko wanne ne, maganinsa ɗaya: ka bar lambar wayarka, ka tafi sallar La'asar. Mai son sayarwa zai kira kafin Magariba.

Idan kana da tsohuwar mota da kake son a karɓa a yi maka ciko, kada ka ambace ta sai an sallama maka sabuwar. Idan aka haɗa cinikin biyu, ragin da aka yi maka a nan za a zare shi a can. Lokaci ma yana da tasiri. Gab da Sallah da bayan kaka, lokacin da kuɗin amfanin gona ya shigo hannu, masu saye sun yi yawa. Tsakiyar damina kuwa fili yakan yi tsit, ga haya da albashin yara suna jiran mai wurin.

Yanzu an sallama, an shiga ofis. Duk layin da ka gani a takardar lissafi, ka yi mashi tambaya uku: kuɗin wa ne, wa ya yanke shi, ina rasit ɗinsa?

Na raka yayata Hajiya lokacin da ta karɓi giratutinta bayan ta bar koyarwa. Manajan wurin, yaro ne mai ladabi, ya turo mata takarda da layi bakwai a ƙarƙashin farashin da aka sallama. Ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a na huɗu.

"Ɗana, wannan kuɗin takardu, waɗanne takardu ne?"

"Hajiya Mama, na ofis ne, haka muke yi wa kowa."

"Na ga kuɗin lamba a sama, na ga na inshora. Wannan wace takarda zan riƙe a hannuna idan na biya shi?"

Ya duba kwamfuta, ya duba ni, ya ce bari ya tambayi oga. Da ya dawo, layin ya ɓace. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce an cuce ta ba. Haka ta bi sauran, har ta iso kan kuɗin wanki da shirya mota, ta ce ita ba ta taɓa jin an sayar da sabon abu sannan a karɓi ladan goge shi ba.

Ga yadda layukan suke. Harajin VAT na gwamnati ne, kashi 7.5 cikin 100 tun Fabrairun 2020, kafin nan kashi 5 ne. A motar miliyan 40, miliyan 3 ke nan, ka ga dalilin da ya sa na ce a tambaya tun a waje. Wanda ya karɓi VAT dole ya kasance kamfani mai rajista da lambar haraji, kuma ya fito da shi a rasit. Inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, naira 15,000 ce ga motar gida tun Janairun 2023. Cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da sata da gobara da haɗarin motarka, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, wato miliyan 2 a misalinmu. Ba dole ka saya ta hannun mai mota ba, yana da kamasho a ciki. Idan ka saya, ka duba lambar motarka a rumbun bayanan inshora na NIID ta waya, domin takardun inshora na bogi sun yi yawa. Lamba da lasisin mota kuwa a ofishin tara haraji na jiha ake yin su, farashinsu sananne ne. Ka je ka tambaya, sannan ka ga ko abin da aka ɗora na zirga-zirga ya yi maka. Kuɗin kawo mota daga Legas gaskiya ne idan don kai za a ɗauko ta. Wadda ka tarar a fili da ƙurar Katsina a jikinta, an riga an zuba wannan a farashi. Baƙin gilashi, da rigar kujeru, da na'urar bin sawun mota idan an sace, duk za ka same su a gari da sauƙi, kuma baƙin gilashi yana buƙatar izinin 'yan sanda, abin da mai manna shi ba zai tuna maka ba. Na goron yaran wurin kyauta ce, ka ba su da hannunka, ba a rubuta ta a lissafi.

Takardun kwastan su ne ba a wasa da su, musamman mu da ke bakin iyaka. Daga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma duk wanda ke bin hanyar Jibiya ko ta Daura zuwa Kwangwalam ya san yawan shingayen da ke kai. Motar da ta fi ta kowa arha da miliyoyi, galibi a nan arhar take: ko ba a biya fito ba, ko an biya rabi. Ka karɓi kwafin takardun, ka gwada lambar casis da ke ciki da ta jikin motar harafi bayan harafi, sannan ka kai ofishin kwastan a tabbatar maka kafin ka biya. Mai gaskiya ba zai hana ka ba.

Biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan rasit, ba na wani yaron shago ba. Idan za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta ranar da za a miƙa maka mota, da cewa za a mayar maka da kuɗinka idan ranar ta wuce, da shaidu biyu. Masu bi ta bankin Musulunci kamar Jaiz ko TAJ, inda banki ke sayen motar ya sayar maka da riba sananniya, su ma su yi cinikin farashin da kansu tukuna, domin a kan abin da aka sayo ake ɗora ribar. Kuma jimillar abin da za ka biya har ƙarshe za ka tambaya, ba na wata-wata ba.

Ranar ɗauka ka je da rana tsaka, ba da almuru ba. Ƙirga makullai, su biyu ne. Duba safaya da jak da abin kwance taya, ka zagaya jikinta ka nemi ƙwarzane tun tana wurinsu. Littafin garanti ya zama an buga mashi hatimi da kwanan wata, kuma ka tambayi inda aka yarda ka kai ta sabis ba tare da garantin ya faɗi ba. Idan amsar ita ce Kano ko Kaduna, ka sa kuɗin man zuwa da dawowa cikin lissafinka, ka kuma nemi a rubuta maka sabis na farko kyauta kafin ka sa hannu.