Ƙuna: minti 20 a ƙarƙashin famfo

Idan ruwan zafi ko mai ya ƙona mutum, ku tara wurin a ruwan famfo mai sanyi har minti 20 cur. Ku duba agogo, don idan yaro yana kuka minti biyar sai ya yi kamar ashirin. In famfo ba ruwa, ku riƙa kwarara ruwa mai tsabta da kofi.

Janye hannu daga wuta ba ya fitar da zafin. Yana nan cikin fata yana cin naman ƙasa. Ruwan ne ke zuƙe shi, ya hana ciwon yin zurfi, har ya warke da wuri. Ko an makara, cikin awa 3 yana da amfani.

Ku cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Tufar da ta manne da fata, ku bar ta.

Ban da ƙanƙara, tana tsuke jijiyoyin jini ta ƙara lalata fatar. Man goge baki, mai da ƙwai kuwa suna riƙe zafi, su jawo ƙwayoyin cuta, kuma sai an wanke su a asibiti, mai ciwon ya sha wuya a banza. Kada ku fasa bororo. Ku rufe da ledar naɗe abinci mai tsabta, shimfiɗawa kawai, ba ɗaurewa.

Ruwa kaɗai bai isa ba idan ƙunar ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko tana fuska, hannu ko al'aura, ko fatar ta yi fari ko baƙi. Haka ƙunar lantarki da ta sinadari. Ku sanyaya, ku wuce asibiti. Jariri kuma ku lulluɓe sauran jikinsa, sanyi na saurin kama shi.