Darasi na 9: Tudun Ƙwanso a Bakin Tekun Senegal

Duk wanda ya tashi a karkara ya san kufai. Kana cikin tafiya a daji sai ka ga kukoki sun yi cirko-cirko a wuri guda, ƙasa ta yi tudu, ga tsingaro ko'ina. Ba sai an gaya maka ba, ka san an taɓa yin gari a nan. Darasinmu na yau a kan irin wannan alama yake, amma a wata ƙasa mai nisa, inda tudun ba na ƙasa ba ne.

A ƙasar Senegal, arewa da iyakar Gambiya, akwai kogi mai suna Salum. Kafin ya shiga tekun Atilantika, yakan rarrabu ya yi rassa barkatai, ya bar tsibirai fiye da 200 a tsakani. Ruwan wurin na gishiri ne. Sau biyu a yini da kwana teku kan cika ya shigo, sa'an nan ya janye ya bar taɓo shimfiɗe. Itacen da ke iya rayuwa a wannan taɓo shi ne mangurof. Saiwoyinsa a waje suke, sun yi gantsarwa kamar ƙafafun gizo-gizo. A tsakaninsu kifi ke yin ƙwai, 'ya'yansa su ɓuya har su yi ƙwari.

Namun wurin suna da yawa. Akwai kwasakwasa da zalɓe, akwai tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai su zo su yi watanni. Kunkurun teku yana zuwa. Akwai kura a kan tudu, akwai jan biri a kurmi. Har ayu yana nan, shi ɗin dai da masunta suka sani a kogin Binuwai da Kwara. Amma abin da ya riƙe mutanen wurin tun kaka da kakanni ƙaramin abu ne, bai kai tafin hannun yaro ba. Wata halitta ce mai ƙwanso biyu masu kauri, dangin makankari, tana kwance cikin taɓo. Akwai kuma wata 'yar'uwarta da ke manne wa saiwar mangurof.

Mutanen tsibiran nan su ne Niyominka, wani reshe na ƙabilar Serer, tare da maƙwabtansu Mandinka. Maza su ke kamun kifi. Ɗiban ƙwanso kuwa aikin mata ne. Idan ruwa ya janye, sai su shiga kwalekwale su nufi taɓo da kwanduna. A sunkuye suke aikin, suna tono da hannu, suna wanke abin da suka samu a cikin kwando, kuma dole su gama kafin ruwa ya dawo. A gida sai a tafasa har ƙwanson ya buɗe baki, a cire naman a shanya a rana. Idan ya bushe yakan daɗe bai lalace ba, kamar kifi banda, ana sa shi a miya da dafa-duka. Ƙwanson kuwa a watsar a juji.

To, a nan abin mamakin yake. Uwa ta zubar, 'ya ta zubar, jika ta zubar, duk a wuri ɗaya, shekara ɗaruruwa. Jujin ya yi ta tashi har ya zama tudu, tudun ya zama tsibiri. An ƙirga irin waɗannan tuddai 218 a yankin, wasu tsawonsu a kwance ya kai ɗaruruwan mita. Kuka tana son ƙasar da ƙwanso ya ruɓe a cikinta, don haka ta tsiro a kansu. Mai tuƙa kwalekwale in ya hango kukoki sun ɗara mangurof tsawo, ya san tudun mutanen da ne, kamar yadda mu ma muke gane kufai.

A kan 28 daga cikin tuddan an sami kaburbura. Wanda ya fi suna shi ne Diyoron Bumak, kusa da garin Tubakuta, mai tsayin wajen mita 12. A farkon shekarun 1970 masana biyu, Guy Thilmans da Cyr Descamps, suka yi tono a wurin. Sun tarar da ƙasusuwan mutane da yawa a kabari guda, tare da tukwane, da mashi na ƙarfe, da mundayen tagulla. Tagulla ba a taɓo ake samunta ba. Ke nan mutanen nan 'yan kasuwa ne, suna kai busasshen nama cikin ƙasa su dawo da abin da ba su da shi. Wani marubuci a ƙasar Fotugal, Valentim Fernandes, ya ba da labarin wannan ciniki tun farkon ƙarni na 16.

Yaya ake sanin shekarun tudu? Da farko ana duba hawa-hawa: abin da ke ƙasa ya girmi na sama. Sa'an nan akwai awo. Duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari da ake kira kabon 14. Daga ranar da ya mutu sinadarin ke raguwa, rabinsa yakan tafi a cikin shekara 5,730. Idan aka auna abin da ya saura a gawayi ko ƙwanso, sai a ƙiyasta lokacinsa. Da haka aka gane cewa an fara tara Diyoron Bumak fiye da shekara dubu da suka wuce.

Gwamnatin Senegal ta keɓe wani ɓangare na yankin ya zama gandun daji a 1976, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Duk da haka akwai abin takaici. An sha kwasar ƙwanson tuddan ana ƙonawa a yi farar ƙasa, ko a zuba a gini da hanya. Wanda ya kwashe tudu a mako guda ya share aikin mata na ƙarni da yawa, kuma ba mai iya mayar da hawa-hawan yadda yake. Teku ma yana nasa cin: a 1987 guguwa ta yanke zirin yashin Sangomar, wanda ke kare tsibiran, ruwa ya sami ƙofa. Matan wasu ƙauyuka yanzu sukan rufe wani sashen taɓo na 'yan watanni, ba mai taɓawa, don ƙananan su girma.

Aikin aji

Karanta waɗannan kalmomi da ƙarfi, sa'an nan ka rubuta su a littafinka: ƙwanso, taɓo, tsibiri, kufai, tagulla.

Tuddai 218 ne, 28 suna da kaburbura. Nawa ne ba su da su? Shekara nawa ne tsakanin 1976 da 2011?

Kafin zama na gaba, tambayi wani dattijo ko dattijuwa a unguwarku ko akwai kufai kusa da garinku. Su wa suka zauna a can, me ya tashe su? Rubuta amsar cikin jimla uku ka kawo aji. In ka je wurin ka ga tsingaro ko tsohon ƙarfe, ka duba da ido, ka bar shi inda ka same shi.